Tudun da Na Baje a Filin Turawan Jidda

Mutumin da ya fara yi mini murmushi a Jidda shi ne ya tafi da fasfona. Na fara da wannan ne don duk wanda ya ji abin da na aikata daga baya kada ya ce Isiyaku mahaukaci ne. Da umara na shigo, da niyyar in na gama ibada in fake in nemi aiki. A Kura na baro fangalin shinkafar mahaifina, na baro matata Ladidi da ciki wata shida. A tashar motocin da ke dawowa daga Makka na haɗu da Alhaji Tanko, mutum mai ƙamshin turare da dogon carbi, Hausarsa ta Kano tsantsa. Ya tambayi garinmu, na ce Kura, ya ce ai kakarsa 'yar Kura ce. Ya saya mini shayi da gurasa, ya ce yana da kafili, wato Balaraben da ke tsaya wa baƙo a wurin hukuma, da ke neman manomi, in ba shi fasfo, cikin kwana uku zai dawo mini da iƙama. Iƙama ita ce takardar zama, wadda in ba ka da ita ko tafiya a bakin titi laifi ce. Na kwance lalitata na miƙa masa fasfo da hannu biyu, har da durƙusawa. Kwana uku suka zama mako uku. Alhaji Tanko ya yi layar zana, har yau ban ƙara sa shi a ido ba.

Unguwar Karantina ce ta karɓe ni, kamar yadda take karɓar duk wanda ya rasa inda zai sa kansa. Mu bakwai ne a ɗaki ɗaya, fanka ɗaya mai kuka, ga warin kwata da ba ya hutu. Da safe kowa ya fita nema. Ni bokiti da tsumma na samu, ina hawa mota zuwa unguwar Safa ina wanke motocin da aka ajiye a gindin benaye. Ido ɗaya a kan mota, ɗaya a kan titi, domin motar 'yan kame ba ta sallama. Wanda aka kama sai tarhil, gidan da ake tara mutane kafin a loda su a jirgi da kayan da ke jikinsu. Biyu daga cikin 'yan ɗakinmu haka suka tafi, ɗayansu ma da silifa ƙafa ɗaya.

Zama a wurin ya canza mini hali. Wanda ya tambayi sunana sai in ce me zai yi da shi. Wanda ya tambayi garinmu sai in ce Zariya. Akwai wani Bayamane mai gasa gurasa a kan layinmu da kan ƙara mini guda ɗaya kyauta, ya ce in ci in yi ƙarfi. Wallahi sai da na yi wata guda ina zagaye layin, don na ƙudurta a raina cewa so yake ya saba da ni ya nuna wa 'yan sanda ɗakinmu. Bawan Allah bai san ma ina yi ba.

Ana nan wani alhaji ya kawo mini kaset daga gida. Na ari rediyo na sa. Mahaifiyata ta yi gaisuwa, ƙannena suka yi, sai Ladidi ta ce ta sauka lafiya, mace ce, an sa mata Rabi. Daga nan ta kawo bakin jaririyar kusa da rediyon, ta ɗan mintsine ta don in ji kukanta. Na yi ta mayar da wurin baya har batir ya mutu. Tun daga ranar burina ya zama ɗaya, in ga yarinyar nan, amma in shiga Kura da ƙafata da jakata, ba a kwance ni daga jirgin tarhil kamar kayan wanki ba.

Daga wankin mota na koma dako a Ammariyya, ina sauke katan-katan daga manyan motoci zuwa shagunan 'yan kasuwa. A masallacin unguwar na haɗu da Baba Idrisu. Dattijo ne dogo, baƙi, da farar jallabiya da rawani irin na Sudan. Bahaushe ne, amma kakanninsa ne suka tsaya a Sudan a hanyar hajji, shi kuma ya yi shekaru masu yawa a Jidda da iƙamarsa lafiya lau. Bayan sallar la'asar muka gaisa, sai ya riƙe hannuna bai saki ba, yana shafa kantar tafina. Ya ce wannan kanta ta fartanya ce, ba ta katan ba. Ya ce shi ne shugaban masu kula da lambu a wata unguwar Turawa mai katanga a arewacin gari, kuma suna neman wanda ya san ƙasa da ruwa. Nan take na tuna da shayin Alhaji Tanko. Na ce masa ba ni da fasfo, don haka babu abin da zai samu a wurina. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, “Ya waladi, ɗana, ni fasfonka zan dafa? Gobe ka same ni a nan bayan asuba.” Na kwana ina shawara, yunwa ce ta yanke mini hukunci.

Unguwar wata duniya ce daban. Ciyawa kore shar, mata na tuƙa keke, ba motar kame, ba ihun kowa. A ƙarshenta akwai wani fili da ban taɓa ganin irinsa ba. Ba raga, ba turakun gola, fasalinsa kamar an buɗe mafici. Nan suke wasan da suke kira besbol, mu ma'aikata muna ce masa ƙwallon sanda. Na zo ne a tsakiyar zafi, lokacin da ba a wasa, sai zafi ya sauka ake buɗe kakar wasan. Don haka wata uku na yi ina aiki a filin ban taɓa ganin yadda ake wasan ba.

Amma na ga yadda ake jiransa. Mai filin a zuciya shi ne Mista Wolta, wani injiniya Ba'amurke mai jan wuya da tumbi. Ya kafa allo a bakin filin, kullum da safe kafin ya tafi ofis sai ya zo ya goge lambar jiya ya rubuta kwanakin da suka rage. Manya-manyan mutane masu furfura su tsaya gaban allon suna tafa hannu kamar an ce gobe salla. An aika ƙasarsu a kawo huluna da riguna, kowace ƙungiya da launinta, kuma kullum sai an tambayi mai gadi ko kayan sun iso. 'Yan Filifin da ke aiki a asibiti sun haɗa tasu ƙungiyar, suna cika baki cewa bana sai sun kunyata Amurkawa. Matan suna ta rabon aiki, wannan za ta gasa nama, waccan za ta yi kek. An gyara lasifika, an yi wa kujeru fenti. Ni dai ina kallonsu ina cewa a raina, mutanen da suka ƙoshi ba abin da ba za su ƙirƙiro ba.

Baba Idrisu ma ya kamu. Al'adarsu ce ranar buɗewa a zaɓi mutum ɗaya da ake girmamawa ya yi jifan farko kafin a fara wasa, jama'a su tafa masa. A shekarar Mista Wolta ya ce Baba ne zai yi, saboda shekarun da ya yi yana kula da filin. Tsoho ya ɗinka sabuwar jallabiya a kasuwar Balad. Kullum bayan an tashi aiki sai ya ɗauki ƙwallon, mai tauri kamar goriba, ya je bayan sito yana jifan wata tsohuwar taya, yana cewa ba zai bari jikokinsa su gan shi ya yi jifan mata ba.

Shi ne kuma ya kawo mini labarin da ya hana ni sukuni. Ya ce Mista Wolta na son a ɗauki mutum ɗaya na dindindin don filin. In aikina ya yi kyau ranar buɗewa, zai yi magana da kafilin kamfanin, a nema mini takardar tafiya in koma gida a mutunce, a aiko mini da bizar aiki in dawo da iƙama. Murna ta kama ni, sai kuma zargi ya biyo baya. Baba yana da suruki, Usmanu, mijin 'yarsa, wanda yake zuwa aikin yini-yini tare da mu. Wane dattijo ne zai tsallake mijin 'yarsa ya ba baƙo daga Kura irin wannan dama? Ga shi ni ba Turanci, Larabcina na dako ne. Duk maganar da za ta shiga tsakanina da Bature ta bakin Baba take bi. In na ga suna magana suna kallona suna dariya, sai in ji kamar ana cinikina ne.

A tsakiyar filin akwai wani tudu na jar ƙasa, faɗinsa kamar ɗakin kwana, tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya da ɗoriya ba, da wani farin faifan roba a samansa. An rufe shi da tamfol. Tun ranar farko ya tsaya mini a rai. Ni ɗan Kura ne, tun ina ƙarami aikina daidaita fangali, yadda in an sako ruwa zai kwanta daidai ko'ina. Fili mai ƙusumbi a tsakiya abin kunya ne ga mai shi. Ko filin ƙwallonmu na bayan makaranta ba ma barin ko da gidan tururuwa. Na yi wa Baba maganar, ya ce, “Kar ka taɓa tudun nan. Komai na filin naka ne, ban da shi.” Na tambayi dalili, ya ce a kai mai jifa yake tsayawa. Na ce a raina, ji wata magana. Wane mai hankali ne zai tara ƙasa a tsakiyar filin gudu don mutum ya hau? Sau uku ina tambaya, sau uku yana maimaita mini, har ya fara ɗaure fuska.

Na kai maganar Karantina, 'yan ɗakinmu suka ƙara mata gishiri. Wani ya ce kabarin karen Bature ne. Wani ya ce asiri aka binne don a ci 'yan Filifin. Wanda maganarsa ta shige ni shi ne wanda ya ce, ragowar ƙasar gini ce, tsohon so yake ka bar ta, ranar buɗewa ya nuna wa Bature ya ce ga irin aikin ɗan Nijeriya, sai a ba surukinsa. Na ji maganar ta zauna daram, domin dama abin da zuciyata ke so ta ji ke nan.

Allon Mista Wolta na nuna saura kwana shida, ranar Juma'a, Baba yana hutu, Turawa sun tafi bakin teku. Na shigo da sassafe na ce wa mai gadi ban ruwa zan yi. Na yaye tamfol, na cire faifan robar na jingine, na sa diga. Ƙasar ta yi tauri kamar daɓen tsakar gida, abin da ya kamata ya sa in tsaya in yi tunani, amma sai na ƙara ƙarfi. Na kwashe ta tas a baro na tara a bayan sito, don manomi ba ya zubar da ƙasa mai kyau. Na bi wurin da manjagara, na yayyafa ruwa, na ja baya na duba. Fili ya kwanta sumul. Na tafi masallaci ina jin daɗi, ina cewa gobe tsoho zai san ɗan Kura ba a yi masa wayo sau biyu.

Asabar da safe ina riƙe da tiyo Mista Wolta ya zo canza lambar allo. Ya ɗaga kai ya dubi filin, allin ya faɗi daga hannunsa. Ya taka a hankali har tsakiya, ya tsaya daidai inda tudun yake, yana juyawa kamar wanda ya dawo ya tarar an ɗauke masa gida. Wuyansa ya ƙara ja. Sai ya fara ihu. Ban ji Turancin ba, amma na ga yana nuna ƙofa yana kiran masu gadi, kuma na san ma'anar wannan. A lokacin na gane cewa tudun gaskiya ne. Daga baya na ji cewa ƙasar ma daga wajen duwatsun Ɗa'if aka kawo ta a mota, aka yi makonni ana gina shi da awo.

Baba Idrisu ya iso da sauri. Ya dubi filin, ya dube ni. Kallo ɗaya ya yi mini, na sunkuyar da kai. Ya nufi Bature suka fara magana, ni kuwa ina cewa a raina shi ke nan, ya samu abin da yake so, yau a tarhil zan kwana, Rabi za ta ga ubanta da silifa. Sai na ga Baba yana dukan ƙirjinsa yana cewa da Larabci, “Ana, ana.” Wannan kam na ji. Cewa yake shi ne. Usmanu, surukin da nake zargi, ya matso kusa da ni ya raɗa mini cewa Baba ya ce shi ya ba ni umarni in gyara tsakiyar fili, bai yi mini bayani sosai ba, laifin nasa ne. Bature ya yi masa faɗa a gaban kowa, faɗan da ba a yi wa mai furfura. Baba ya tsaya hannu a baya yana cewa halas, wato magana ta ƙare, za a gyara.

Bature ya tafi ya bar mu a filin. Baba ya ce, “Ina ka kai ƙasar?” Na ce tana bayan sito. Ya ce, “Alhamdu lillahi da manomi ne kai. Yalla, ɗauko baro.”

Kwana huɗu muka yi a kan tudun, ni da Baba da Usmanu. Mista Wolta yakan zo da igiyar awo da ma'aunin magina, ba ya ce wa Baba uffan. A nan ne abin da na sani ya yi amfani. Na jiƙa ƙasar na kwaɓa ta da ƙafa kamar za a yi tubali, na bar ta ta kwana. Na sassaƙa madaɓi da guntun katako, irin wanda mahaifiyata ke daɓe da shi. Mu zuba kaɗan, in daɓe, mu yayyafa ruwa, mu ƙara. Tafin hannuna ya fashe. A rana ta huɗu Bature ya hau, ya buga dunduniya, ya ɗaga ƙafa ya yi kamar zai yi jifa, ƙasa ko gezau. Ya sauko ya dafa kafaɗata yana gyaɗa kai. Ya ce wa Usmanu ya gaya mini wannan ya fi na da.

Ko a lokacin, Allah ya yafe mini, akwai wani lungu a zuciyata da ke cewa tsohon nan da wata manufa. Na tare shi a bayan sito na tambaye shi me ya sa ya yi haka. Ya ce, “Ni ina da takarda, faɗa kawai zai yi mini. Kai in ya kira masu gadi, ina za ka?” Na ce to Usmanu fa, ba shi ya fi cancanta da aikin ba? Ya ce Usmanu direba ne, jiran mota yake a wani kamfani, ko shukar albasa bai iya ba.

Ranar Alhamis aka buɗe. Fili ya cika, huluna ja da shuɗi, hayaƙin nama, 'yan Filifin da gangunansu. Baba ya zo cikin sabuwar jallabiya da jikokinsa uku. Muna tsaye a bayan waya tare da sauran ma'aikata. Lasifika ta yi magana, jama'a suka tafa, sai na ga wani Bature manajan kamfani ya fito ya hau tudun da ƙwallo a hannu. Ashe tun ranar Asabar Mista Wolta ya canza shawara, kuma Baba ya sani, bai gaya wa kowa ba. Manajan ya yi jifa, ƙwallon ko rabin hanya bai kai ba ya faɗi ƙasa, aka yi dariya aka tafa. Ɗaya daga cikin jikokin ya tambayi kakansa yaushe ne nasa, Baba ya ce sai baɗi.

Na juya wajen Baba. Na ce zan je in gaya wa Mista Wolta gaskiya, ko da hannu ne sai na yi masa bayani. Na ɗaga ƙafa ke nan Baba ya damƙe wuyan hannuna, damƙar da ban zaci tsoho na da ƙarfinta ba. Bai ko kalle ni ba, idonsa na kan fili. Ya ce, “Tsaya nan. Je ka ga 'yarka.” Na tsaya. Zan so in ce riƙon ne ya hana ni, amma na san da na fizge da na tafi. Tsoro ne da son kai suka tsayar da ni, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Mista Wolta ya cika alkawari. Na shiga Kura da jakata da tsarabata, Rabi tana tafiya da ƙafarta, ta gan ni ta ruga bayan uwarta. Sai da na yi kwana uku ina lallashi da dabino kafin ta yarda na ɗauke ta. Biza ta ɗauki lokaci fiye da yadda aka ce. Da na dawo Jidda na sauka da kwalbar zuma da hular Kano da na saya wa Baba, sai Usmanu ya ce mini ciwon ƙafa ya matsa masa, ya ajiye aiki ya koma Sudan wajen 'yan'uwansa. Baɗin da ya faɗa wa jikansa ba ta zo ba. Na aika masa da hular, na kuma yi masa kaset na faɗi duk abin da na zarge shi da shi, ban rage komai ba. Amsar da ta dawo gajera ce. Ya ce ya sani tun ranar da na fara tambayarsa zancen tudun, in riƙa rufe tudun da tamfol kafin rana ta yi zafi.

Shekara tara na yi ina kula da filin. Na iya wasan har ina musu da 'yan Filifin, ni ma in an kafa allo sai in riƙa leƙa lambar. A shekarata ta ƙarshe aka kawo mini wani sabon ma'aikaci daga Damagaram, magidanci mai shiru-shiru, ba shi da takarda. Na zagaya da shi filin, muka zo tsakiya, na ce masa komai nasa ne amma kar ya taɓa tudun nan. Ya dubi tudun, ya ɗago ya dube ni ta gefen ido, ya ce to. Na san wannan kallon, domin nawa ne. Na ce masa ya jira ni. Na je sito na ɗauko ƙwallo, na kama hannunsa na hau da shi saman tudun, na nuna masa tsohuwar tayar Baba da na jingine a can gaba, na ce ya jefa.